Wakilina a Taron Wurno

Tun da na dawo daga Wurno bakina bai huta ba. In na je rijiya a tare ni, in na je barka a bar mai jego a kewaye ni. "Kulu, yaya Wurno? Mi anka ce game da mu? Gaskiya na Buzuwa ta shiga tsakiyar malamai ba lulluɓi?" Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, kowa ta ɗauki nata ta ƙara masa gishiri. Jiya har na ji wai na mari wani malami. Ban mari kowa ba, ko da yake ba don ban so ba. To, ku matan Shinaka da kuka tura ni, ga labarin gaba ɗaya, daga nan kowa ta shafa mini lafiya.

Kun san asalin maganar. Bayan kaka fatake suka zo da labari cewa wata dattijuwar malama a Wurno, wadda ake kira Goggo Malama, ta aika ƙasa-ƙasa tana kiran mata: na Barno, na Nufe, na Ilori, na Adar, har na Asbin. Wai a zo a zauna a faɗi abin da shari'a ta ba mace wanda al'ada ta danne. Gado, karatu, ci da sutura a gidan miji, duka. Kuka ce a tura Kulu, tunda ita bakinta ba shi da murfi. Na karɓa, amma ba don ku kaɗai ba. Ina da tawa damuwar.

Baba ya rasu ya bar mu mu biyu, ni da Yaya Bawa, ya bar fadamar albasa a bakin gulbi. Ba sai malami ba, kowa ya san rabon: kashi biyu na namiji, ɗaya na mace. Amma Yaya ya ce a Shinaka mace ba ta gadon ƙasa, tukwane da tabarmi take gado. Lokacin ina gidan miji, ban ja da shi ba. Da mijina ya rasu na dawo gida, sai na wayi gari ina aika wa matar Yaya roƙon albasar miya, daga gonar da na girma ina watsa mata ruwa da ƙwarya a bayan Baba. Wannan abu yana ƙona mini rai, ba na ɓoyewa. Niyyata in faɗi maganar a gaban malaman ƙasashe, a yanke, in dawo kafin ruwa ya gama janyewa daga fadama lokacin dashe ya wuce ni.

Sai dai mace ba ta tafiyar kwana ba muharrami, ga hanya ba ta da tabbas saboda mahara. Ubana ya mutu, mijina ya mutu, ɗa namiji Allah bai ba ni ba. Muharramina a duniya guda ne, shi ne kuma mutumin da zan kai ƙara. Na zaci zai ƙi. Sai ya washe baki ya ce, "Haba Kulu, tahiya neman ilimi? Ni da kaina za ni kai ki." Da ina da wayon da kuke cewa ina da shi, da tun nan na gane.

Ranar tashi na fito na iske ya ɗora wa jakunansa albasar bara, wadda ya ɓoye a rudu, rumbun ajiyar albasa, har ta yi wuyar samu a kasuwa. Jajaye, manya, ba ko ɗaya mai tabo.

"Yaya, mi za ka yi da wagga albasa?"

"Gaisuwar malamai ta. Ba a zuwa ga manya hannu rabbana."

Albasa ta hau jaki, ni na bi a ƙasa da ƙunshina a kai.

Wajen Goronyo muka iske ruwa bai faɗa ba, dole sai fito. Mai jirgin wani baƙin ƙato ne da haƙoran goro. Ya fara haye da albasa, ya dawo ya ja jakuna da igiya suna iyo suna kuka, ya dawo ya kwashi maza. Mu mata muna tsaye a bakin ruwa rana tana dafa mana kai. Da ya zo kanmu na ce, "Bawan Allah, ashe albasa ta hi mu daraja?" Ko kallona bai yi ba ya ce, "Inna, albasa in ta jiƙa ruɓewa taka yi. Ke hwa?" Matan da ke jirgin suka fashe da dariya, ni ma na yi. Wajen sauka na taka laka, takalmina ɗaya ya nutse bai dawo ba, dawon furar da na ƙulle a gefen zane ya jiƙe ya zama kunu. Da ƙafa ɗaya a takalmi na shiga ƙasar Wurno, ni wakiliyar matan Shinaka.

Muka yada zango a Kwargaba, gidan wata tsohuwa mai saukar baƙi, Inna Tumba. 'Yar ƙarama ce, busasshiya, hannunta kamar na manomi. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi, albasa a ciki manya-manya, ba irin tamu da ake yanka ɗaya a raba wa miya uku ba. Na ce mata lallai 'ya'yanta maza suna ji da ita. Ta ce ba ta da ɗa ko ɗaya, albasar gonarta ce.

"Gonarki? Wa yab ba ki?"

"Ba wanda yab ba ni, ɗiyata. Ishe ni anka yi ciki."

Na nemi ƙarin bayani ta ce in ci tuwona zai huce. Yaya yana zaure tare da maza bai ji wannan ba, ni kuwa maganar ta bi ni har Wurno.

Wurno gari ne mai ganuwa, ƙofarsa da masu tsaro, kuma ranar ƙofar ta cika da baƙi. Mai tsaron ba ya tambayar mace sunanta ko garinta. Namijin da ke gabanta yake kallo ya ce, "Wagga ta wa ta?" kamar yadda yake tambayar jaki da kaya. Yaya ya ce, "Tawa ta, ƙanwata ta," aka ce mu wuce. Ban kai ga wucewa ba sai ga raƙuma sun durƙusa a bayanmu. Wata doguwar mace ta sauko, fuskarta a buɗe, shuni ya rine mata kumatu, ga mijinta a gefe ya naɗe fuska ruf sai idanu. Na ce a raina yau na ga inda aka juya duniya: matar a fili, mijin a kulle. Mai tsaro ya nufi mijin ya ce raƙuman na wa ne, me suka ɗauko. Mijin ya nuna matar da haɓa. Mai tsaro ya sake tambayarsa da ƙarfi, yana zaton bai jin Hausa. Matar ta ce da Hausarta ta ayari, "Raƙuma nawa. Kaya nawa. Shi ma nawa. Tambayi ni." Mai tsaro ya rasa inda zai sa idonsa, ya ɗaga mashi ya ce su wuce. Wannan ita ce Gaishata, Buzuwa daga Asbin, wadda kuke ta tambayata.

Masaukin mata wani babban gida ne a bayan gidan Goggo Malama, aka zuba mu ciki kamar kaji a akurki. Matan Barno suka kama kusurwa suka kunna turaren wuta tun kafin su kwance kaya, hayaƙi ya cika ɗaki har sauro ya yi ƙaura. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa, in kika tsaya amsawa azahar za ta wuce ki. Nufawa kuwa sun zo da tasoshi da duwatsun wuya, kafin mu yi sallar la'asar sun buɗe kasuwa a tsakar gida, har wata ta sayar mini da takalmi. Na tambaye ta ko mijinta ya san ribarta, ta dube ni kamar na yi saɓo. Matan Ilori suna durƙusa wa babba har ƙasa, amma in suka buɗe murya sai ki zaci faɗa ne, ashe hira ce. Namu na gida, matan Rabah da Maikujera, sun zo da geronsu da daddawarsu, suka ce ba su cin abin da ba su ga dakansa ba. Sun yi tafiya don su ga duniya, sun iso sun juya mata baya suna tuƙa tuwon gidansu.

Ni dai na ce sai na ɗanɗana. Wata Bayarabiya ta zuba mini miyarsu, ja wur da manja. Loma ɗaya na kai, barkono ya kama ni tun daga harshe har kunnuwa. Hawaye suka ɓalle. Daidai lokacin wata 'yar Barno tana ba da labarin yadda aka hana ta karatu, da ta ga ina kuka sai ta rungume ni tana cewa ga mace mai tausayi. Na kasa magana balle in gyara mata. Har muka rabu tana nuna ni ga mutane.

Gaishata ce ta zama abokiyar hirata. Ta ce a wajensu ɗaki na mace ne, ita ke kafa shi ita ke naɗe shi, in aure ya ƙare miji ke ɗaukar sirdinsa ya nemi inuwa. Na tuna yadda namu ke ƙarewa, mace da ƙwarya a kai tana bin hanyar gidan ubanta. Na ba ta labarin fadamar Baba. Ta ce, "Littafi ya ba ki?" Na ce ya ba ni. "To mi ya rage?" Na ce Yaya ya rage. Ta yi dariya har mundayenta suna kaɗawa. Amma kar ku zaci wajensu aljanna ce. Duk zaman da muka yi ban ga Gaishata ta ɗaga ko ludayi ba, kuyanginta ke komai.

Maganar kuyangi ma, ga abin da ya tsaya mini. Da safe na zaga bayan gida na iske su jere a kan turame, na gidan da na baƙi, suna dakan abincin taro gumi yana zuba. Ɗaya ta tsayar da taɓarya ta ce, "Inna, wai taron mi aka yi?" Na ce na haƙƙin mata ne. Ta ce, "To, Allah shi ba su," ta ci gaba da dakanta. Ni kuwa na wuce.

Yanzu ga taron kansa. Goggo Malama tsohuwa ce tukuf, ilimi kamar gulbi, amma murya ta tafi, sai an kai kunne. Don haka almajiranta maza, manyan malamai masu rawuna, suka ce za su taimaka mata. Malaman da suka rako matan ƙasashe su ma suka ce za su taimaka. Taimako ya yi taimako har muka fito muka iske an kafa rumfa, an shimfiɗa buzaye a inuwa, maza sun cika ta. Mu da aka kira daga ƙasashe aka ja mana zana aka ce mu zauna bayanta. Bayan zana rana ce, kuma nan murhu yake. Tunda ga mu kusa da tukwane, ai ba a bar mu haka ba. Kafin hantsi wakiliyar Adar tana fifita wuta, ta Nufe tana kwasar tuwo, ni ina yankan albasa. Na ɗaga ɗaya na duba, na san ta kamar yadda na san tafin hannuna.

Ranar farko gaisuwa ta cinye ta. Malamin Barno ya yabi na Wurno, na Wurno ya yabi na Barno da kakanninsa, aka yi gardama a kan wanda zai zauna dama da wa. Washegari babbansu, Malam Sambo, ya buɗe karatu. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin ya iya magana. Ya ce mace amana ce, wanda ya ci gadonta wuta ya ci, wanda ya bar ta cikin jahilci zai amsa tambaya ranar gobe. Har tsigar jikina ta tashi. Yana tsakiyar bayanin cewa mace ba baiwa ba ce a gidan mijinta sai ya juyo wajen zana ya daka tsawa, "Wai ba kowa nan? A kawo ruwa mana!" Wakiliyar Ilori ta tashi da gudu ta miƙa.

Da aka ci abinci na ji Malam Sambo yana santi. "Kai, wagga miya! Albasag ga ta ina ta?" Na leƙa ta ramin zana na ga Yaya ya gyara zama, ya sunkuyar da kai irin na masu ladabi.

"Allah shi gafarta malam, ta gonata ta, can Shinaka. Ɗan abin da ba a rasa ba."

"Madalla da kai. Irinku ka riƙe da addini."

Suka sa masa albarka da hannuwa masu maiƙo. Ni ina bayan zana, idanuna suna zuba, wannan karon ba barkono ba ne.

Sai aka ce lokacin jin mata ya yi. Amma da sharaɗi: mace ba ta ɗaga murya a gaban maza. Kowace za ta matso jikin zana ta faɗa wa wakilinta a kunne, mijinta ko ɗan'uwanta, shi ya faɗa wa majalisa. Sai yanzu na gane abin da ya sa Yaya ya taso tun daga Shinaka yana fara'a.

Aka kira Shinaka. Yaya ya matso ya manna kunne a zana. Na ce masa a hankali, "Ka ce musu Baba ya bar hwadama, mu biyu muka gado nai, ka riƙe duka, ina son kashina."

Ya miƙe, ya gyara murya. "Tana gaishe da malamai. Ta ce ta gode da wanga ilimi, a sa mu cikin addu'a."

"Muna amsawa," in ji majalisa.

Na ja bakin rigarsa ta ƙarƙashin zana. Ya sake sunkuyowa. Na maimaita, na ƙara da cewa ya ji tsoron Allah.

"Ta ce ta ƙara godiya. Ta ce mu duka mu ji tsoron Allah."

"Mace ta gari," in ji Malam Sambo. "Sai ta gaba."

Ni da kuka ce bakina ba shi da murfi, wallahi murfi ya samu. Na duba zanar nan, ciyawa ce kawai da igiya, ɗan akuya ma zai ture ta, amma na kasa. Tun muna yara aka dasa mana ita a ciki. Ina nan durƙushe sai na ji mundaye suna kaɗawa. Gaishata ta miƙe, ta zaga zana kamar mai zaga ɗakinta, ta tsaya a tsakiyar rumfa fuska a buɗe.

"Ba haka ta ce ba. Ni ina kusa, na ji. Ta ce gona ta ubansu, wannan ya cinye. Albasa da kuka ci, nata a ciki."

Jama'a, ba ku ga rawuna suna juyawa ba. Wani ya rufe ido da hannun riga yana leƙe ta tsakanin yatsu, wani yana salati kamar an ga kura a masallaci. Aka nemi mijinta ya tsawata mata, aka iske shi can gefe yana gyara amawalin rawaninsa, ya ce shi bai saba shiga maganarta ba. Ita kuwa ta gama abin da ya kawo ta, ta dawo ta zauna ta ce a ba ta nono.

Na ce alhamdu lillahi, magana ta fito, yanzu sai hukunci. Ina! Malamai suka kama gardama, amma ba a kan gona ba. A kan muryar Gaishata. Shin muryar mace al'aura ce ko ba al'aura ba ce? In al'aura ce, maganar da aka ji ta hanyar da ba ta halatta ba, an ji ta ko ba a ji ba? Na Barno ya kawo littafi, na Adar ya kawo wanda ya fi shi kauri. Aka tashi sallah aka dawo a kai. Aka kwana aka tashi a kai. Tuwo yana shiga, akussa suna fitowa, albasata tana ƙarewa. A kan muryar mace maza suka yi ta magana har muryoyinsu suka dushe, ba a tambayi mace ko ɗaya ba.

Ranar rufewa Goggo Malama, wadda aka ajiye a bakin zana kamar tsohuwar randa, ta buga sandarta a ƙasa. Ta buga, ta sake bugawa, har aka yi tsit. Muryarta 'yar siririya ta fito, kowa ya ji, ba wanda ya ce al'aura ce.

"Sambo. Gonar hwa?"

Malam Sambo ya yi gyaran murya. Ya ce ai wannan ba ta da wuya, ba ta buƙatar littafi. Kashi ɗaya cikin uku na mace ne, al'adar da ta hana ta ɓata ce, duk malaman da ke nan shaida ne. Zuciyata ta yi tsalle. Sai ya ci gaba. Ya ce amma tunda mace mai mutunci ba ta yawon fadama, kuma ga ɗan'uwanta mutumin kirki wanda kowa ya ga alherinsa, to wakilinta ya riƙe mata kashinta amana, ya kula da shi. Aka shafa fatiha. Yaya ya fi kowa ƙarfin amin.

Na yi kuka a masauki, kuka na gaske, na baƙin ciki. Na yi tafiya, na rasa takalmi, na yanka albasata da hannuna na ciyar da alƙalaina, an tabbatar mini da gona a gaban ƙasashe, an kuma miƙa ta ga wanda ke riƙe da ita tun farko. Gaishata tana ɗaure kaya ta ce, "Ku kuna da littafi mai ba ku, kuna da maza masu riƙe muku. Zo mu tafi Asbin." Na ce mata ba na iya shan nonon raƙumi, kuma a Asbin ba a dashen albasa. Ta ciro munduwa ɗaya ta sa mini a hannu, ga ta nan kuna gani.

A hanyar dawowa Yaya sai fara'a. Jakuna ba kaya, har ya ce in hau ɗaya, yana kirana malama. Muka sake sauka gidan Inna Tumba. Na ba ta labari tun daga ƙofar gari har fatiha, tana tsinke zogale tana ji. Da safe za mu tashi ta miƙo mini wani dami a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Na buɗe gefe na ga irin albasa ne, ɗanye shar, wanda ya isa dashe.

"Ki riƙa yayyahwa mai ruwa bisa hanya," ta ce. "Ba shi son jira."

Yaya ya tambayi abin da ke ciki, na ce ganyen miya ne. Shi da kansa ya ɗaure shi a kan jakinsa. A mashigin Goronyo na ce wa mai jirgi ya fara haye da damina, don in ya daɗe a rana lalacewa zai yi. Ya gane ni, ya yi dariya, ya haye da shi.

Sauran kun gani da idonku, amma bari in faɗa don masu ƙarin gishiri. Washegarin isowarmu, da na idar da sallar asuba, na ɗauki fartanyar Baba na gangara fadama. Ruwa ya janye, ƙasa tana da laushi. Na kama ɓangaren da ke wajen tsamiya, inda nake tsayawa ina ƙarama, na auna kashi ɗaya cikin uku da idona, ban ƙara ko taki ba. Na ja fangali na fara dashe.

Hantsi ya ɗaga sai ga Yaya a guje, ya taho da mai gari da dattawa. Masu jigo da masunta suka bar aikinsu suka matso.

"Kun gani ko? Kun ga abin da nika hwaɗi? Kulu, mi kika yi cikin gonata?"

Ban ɗago ba. Mai gari ya ce, "Kulu, ana magana. Mi ya kawo ki nan?"

Na miƙe, na ja mayafi na rufe fuska, na yafito Yaya da hannu. Ya tsaya turus. Na sake yafito shi. Mai gari ya ce wannan kuma wane sabon salo ne. Wata daga cikinku, ba zan faɗi sunanta ba, ta ɗaga murya daga bakin gulbi ta ce ai karatun Wurno ne, mace ba ta magana gaban maza sai ta bakin wakilinta, kuma Bawa ne wakili, shi da kansa ya ba da labari a masallaci. Mai gari ya ce to, Bawa, matsa ka ji.

Ya matso, ya kawo kunne. Na ce masa a hankali, yadda na faɗa a Wurno, "Ka ce musu malaman ƙasashe sun ce kashi ɗaya nawa na, gabanka anka yanke, kai ka hi kowa amin. Ka hwaɗi, Yaya. Ko kuwa in hwaɗi da kaina, nan ba zana."

Ya ɗago. Ya dubi mai gari, ya dubi dattawan da suka san Baba, suka san gonar, suka san ni. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Bawa, mi tac ce?"

"Ta ce... tana gaishe ku."

Mai gari ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi layin albasar da na dasa, ya shafa gemu.

"To, muna amsawa. Tunda gaisuwa ta, ba rigima ke nan. A gaishe ta da aiki."

Ya juya, dattawa suka bi shi. Yaya ya tsaya shi kaɗai a kan kunyar gona, ni na koma na sunkuya.

Har yau bai ce gonar tawa ce ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ba ya gaishe ni, matarsa ta daina aiko mini da tuwo. Ko zan ci wannan albasa ko za a wayi gari an tumɓuke ta, Allah kaɗai ya sani. Amma ta kama ƙasa, ta fara miƙewa. Mai son sanin abin da aka yanke game da mata a Wurno ta daina tare ni a rijiya. Ta gangaro fadama da safe, ta zo da ƙwaryarta, za ta ishe ni a ciki.